Mota mai otomatik ta zabura da kanta: wa abin ya taɓa samu?

Maman Walida, Kaduna

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya na ɗauko yara daga Islamiyya, na ɗan taka totur don in wuce wani mai Keke Napep, da na ɗage ƙafata sai motar ta ƙi saki. Injin sai ƙugi yake, gudu yana ƙaruwa. Na danne birki iya ƙarfina, da ƙyar ta tsaya a gefen titi, wani bawan Allah ya zura hannu ta taga ya kashe makulli. Bakanikenmu ya jona mata na'ura, ya ce bai ga komai ba. A gida wasu na cewa hannu aka sa wa motar. Addu'a kam muna yi, amma ina so in ji daga bakin waɗanda abin ya taɓa samu: me aka gano a taku motar?

Bakanike daga Panteka

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Kafin ki kashe ko sisi, ki buɗe ƙofar direba ki durƙusa ki duba tabarmar ƙafa. Guda nawa ce? Tana maƙale a ƙugiyarta ko tana yawo? A cikin motocin da ake kawo mini da wannan kuka, abin da na fi samu ke nan. Mutum ya sayi tabarmar roba mai kauri saboda damina, ya ɗora a kan ta asali, kullum dunduniya tana tura ta gaba kaɗan-kaɗan. Ranar da aka taka totur har ƙasa, sai bakin totur ya shige ƙarƙashin leɓen robar ya maƙale. Na'ura ba za ta nuna komai ba, don a wurin kwamfutar motar ke ce kika taka.

Ba a nan kaɗai ba ne. A watan Agustan 2009 a kusa da San Diego ta Amurka, wani ɗan sandan hanya da iyalinsa, su huɗu, sun rasu a cikin Lexus da aka ba shi aro, an shimfiɗa mata tabarmar wata mota daban wadda ta fi ta girma. Mutumin da tuƙi ne aikinsa fa. Bayan nan ne Toyota, mai ƙera Lexus, ta kira motoci kusan miliyan 3.8 a dawo da su gyara kan tabarma, a Janairun 2010 kuma ta sake kiran miliyan 2.3 kan totur mai cijewa. Motocin waɗannan shekarun da yawa su ne suka biyo ta Kwatano suka zo mana. Duk mai motar da ta fito daga Amurka, ya sa lambar shasinta a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, zai ga ko akwai gyaran da aka kira ta ba a yi ba.

Maman Walida, Kaduna

Innalillahi. Malam, yanzu na duba, biyu ne. Ta saman ma a juye take, ina jin tun ranar da aka kai wanki ba a mayar da ita daidai ba. Na cire ta. Allah ya saka da alheri.

Baban Sadiq, Kano

Tawa ba tabarma ba ce. Tsohuwar mota ce mai wayar totur, ba irin ta yanzu mai aiki da lantarki ba. Wayar ta tsufa, silinta ya fara tsinkewa a cikin bututun, sai ta riƙa cijewa. Ta yi mini gargaɗi tun da wuri, totur yana nauyi da safe, in na saki sai ya yi jinkirin dawowa. Ranar da ta maƙale gaba ɗaya ina kan titin Zariya, na sa yatsun ƙafa a ƙarƙashin totur na ɗago shi, sai ta saki. Sabuwar waya aka sa, shi ke nan.

Mai koyar da tuƙi, Zariya

Ku yi haƙuri, zan faɗi abin da mutane ba sa son ji. Ina zaune a gefen masu koyo kullum, idona a kan ƙafarsu. Na sha ganin ɗalibi ya danne totur har ƙasa yana salati yana cewa birki ya ƙi, alhali ƙafarsa ba ta taɓa birkin ba. Kuma ba ƙarya yake ba, shi a ransa birki yake takawa, shi ya sa da mota ta zabura sai ya ƙara dannawa. Ba sababbi kaɗai ba. Na ga Alhajin da ya yi shekaru yana jan manuwal ya koma otomatik ya shige katangar gidansa da ribas, saboda ya juya jiki yana kallon baya, ƙafarsa ta goce gefe.

Ku lura da inda abin ya fi faruwa: wurin fakin, bakin get, gidan mai, daidai lokacin da aka sa giya. Can Amurka ma a 1986 an yi ta hayaniya kan Audi 5000, a 1989 binciken hukumarsu ya nuna galibi kuskuren ƙafa ne. Tun daga lokacin aka yawaita yin otomatik yadda giya ba ta fita daga P sai an taka birki. Abin da nake hana ɗalibaina: tuƙi da ƙafa biyu, da silifas, da takalmi mai tsini. Masu babbar riga da dogon hijabi kuma a tattare su kafin a tayar da mota.

Abu Hanif, Abuja

Malam, ban musa maka ba, amma kada a mayar da kowa mai kuskure. Ni ina cikin gosulo, ƙafata a kan birki, motar ta yunƙura gaba har na taɓa bambar na gabana. Kwana kaɗan kafin nan an wanke mata maƙogwaron totur. Da na mayar, wani bakanike ya gano robar iska ta tsage, kuma ba a sake saita silo (juyin injin in ba a taka totur ba) da na'ura ba bayan wankin. Da esi ya ɗauka sai injin ya ɗaga.

Batun cewa kwamfutar motocin Toyota ce ke zaburar da su ma bai mutu murus ba. Gaskiya ne injiniyoyin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, sun bincika, a Fabrairun 2011 aka ce ba a samu matsalar lantarki da ke jawo irin wannan gudun ba. Amma a Oktoban 2013 wata kotu a Oklahoma ta ɗora wa Toyota alhaki kan wata Camry ta 2005 bayan an saurari masana manhajar totur. A 2014 kuma kamfanin ya biya dala biliyan 1.2 saboda ɓoye wa jama'a abin da ya sani kan tabarma da totur. To balle mu da rewaya ke yanke waya ya ɗaure da salatif, ga motocin da ambaliya ta shanye a can aka busar aka kawo mana.

Bakanike daga Panteka

Yallaɓai, naka na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Sai dai a bambance: silo mai yawa yana sa mota ta yunƙura ne kawai, birki mai kyau yana riƙe ta. Wadda ke tashi kamar an zaburi doki, wannan totur ne a buɗe har ƙarshe, ko wani abu ya riƙe shi ko ƙafa.

Direban Damagaram

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni a motar aiki mai shan gas, wato dizal, na gani, a hanyar Tanut. Turbo ya lalace, baƙin mai ya riƙa zubowa cikin hanyar iska, injin ya koma shan mansa. Hayaƙi fari ya rufe hanya, na kashe makulli na zare shi, injin bai mutu ba. Da manuwal ce sai in sa babbar giya in saki kuloci ta mutu, amma otomatik ce. Na sa ta a furi, muka tsaya, muka ja baya muna kallo har ya ƙone kansa. Masu motar gas, in kun ga tana shan baƙin mai fiye da ƙima tana hayaƙi, ku duba turbo, kuma kada a cika baƙin mai ya wuce alama.

Anti Bilki, Sakkwato

Ni gorar ruwa ce ta gangaro daga ƙarƙashin kujera ta shige bayan birki. Ina takawa ba ya sauka, mota tana ta tafiya a D. Sai da na ja hambirki. Yanzu ko ledar fiya wata ba na bari a wajen ƙafata. Amma don Allah Malam mai koyarwa, in abin ya zo a kan gudu, me mutum zai fara yi?

Mai koyar da tuƙi, Zariya

Hajiya, ki danne birki da duk ƙarfinki ki riƙe, kada ki riƙa takawa kina saki. In totur yana buɗe, injin ba ya sake tara iskar da ke taimaka wa birki, taku biyu ko uku sai ki ji ya zama dutse. Sannan ki tura giya zuwa N, wato furi. Injin zai yi ihu, ki ƙyale shi, motocin yanzu suna da iyakar da ba sa wucewa. Ki gangara gefe, sai kin tsaya ki kashe. In kika kashe a kan gudu sitiyari zai yi nauyi. Idan giyar ta ƙi shiga N ne kawai za ki kashe tana tafiya, kuma mai maɓalli sai an danne shi an riƙe kamar daƙiƙa 3, taɓawa ɗaya ba ta kashe ta.

Ki samu fili babu mutane, ki gwada turawa daga D zuwa N a hankali ba tare da kin kalli giyar ba, har hannunki ya saba. A yawancin motoci ba sai an danna maɓallin giyar ba ma, turawa kawai ake yi.