Ƙanwata ta ce mata take so, ga bikin Kano ya matso

Wata Yaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Muna zaune a arewacin Ingila, ni da maigida da ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na riƙe ta tun rasuwar Mama tana firamare, ni ce kitsonta, ni ce kai ta Islamiyya. Da zan biyo maigida nan na ce ba ni tafiya sai da ita, har muka yi watanni ba ma ga maciji da Baffa, don shi ya so a bar ta wurin Gwaggo. Yanzu shekararta 23, ta gama digiri a Leeds. Tun tana ƙarama ba ruwanta da lalle da janbaki, ƙwallo take bi, har muna tsokanarta da Ɗan'auta. Bara ta aske gashinta ta koma sa riga da wando irin na maza.

Ran nan ta ce in raka ta wani tsohon gida a Halifax, Shibden Hall. Gidan wata mata ce, Anne Lister, da ta rasu a 1840, mai yawan sa baƙaƙen kaya, wadda ta rubuta sirrinta da wasu alamomi da ta ƙirƙiro don kada a gane, tana ba da labarin matan da ta so. Muna dawowa a mota, soyayyen dankalin da muka saya yana hucewa a cinyata, ta ce, "Yaya, ni ma haka nake." Na ce namiji kike so ki koma? Ta ce a'a, ita mace ce, ba ta taɓa jin kanta namiji ba. To in mace ce, me ya kai ta kayan maza? Tana salla, tana azumi. A Disamba za a aurar da ɗiyar Gwaggo a Kano, an yanki tikiti. In je da ita? In gaya wa Baffa?

Hajiya Babba: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ke kika yi sake, 'yata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ku kuma kuka mai da abin wasa. Wannan ɗabi'ar Turawa ce ta kwaso. Ki kawo ta gida kamar ba komai, kuna sauka ki karɓe fasfo, a yi mata ruƙya, Baffanku ya samo mata miji. Na ga irin wannan ba ɗaya ba ba biyu ba, aure ke kashe shi.

Wata Yaya: Hajiya ku yi haƙuri, amma ban yi sake ba. Har hadda ta fara a hannuna. Ƙwallon kuma a Kano ta fara shi, babu Bature ko ɗaya a layinmu.

Maman Hanif: Don girman Allah kar ki karɓe mata fasfo. A Ingila tun 2014 auren dole laifi ne, ɗaurin da zai iya kai shekara 7, kuma yaudarar mutum a fitar da shi ƙasar waje don a aurar da shi yana ciki. Ke da mijinki za ku kwana a ciki. Can gida kuma dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta yanke shekara 14 ga auren jinsi, 10 ga nuna irin wannan soyayya a fili, ga dokokin Shari'a, ga Hisba. Baki ɗaya ya isa, kuma gidan biki baki ne da yawa.

Malama Uwani: Bari in taɓa abin da ya ɗaure miki kai, don na ga kowa ya tsallake shi. Tunanin da kika yi a mota, shi likitocin Turai irin su Krafft-Ebing suka yi a ƙarshen ƙarni na 19, cewa ran namiji ne a jikin mace. Matan da abin ya shafa da yawa ba su yarda ba, kuma su kansu sun daɗe suna jayayya a kan tufafi. A Amurka, shekarun 1950, wasu na shigar maza wasu na ado irin na mata. Ƙungiyar mata masu son mata, Daughters of Bilitis, da aka kafa a San Francisco a 1955 ta riƙa roƙon 'ya'yanta su yi shigar mata don jama'a su karɓe su. A shekarun 1970 kuma masu fafutukar 'yancin mata suka zargi masu shigar maza da kwaikwayon mazan da ake kuka da su, su kuwa suka ce su mata ne, haka kawai suke jin daɗin jikinsu. Don haka wanda zuciyarta ke so daban, kayan da take sawa daban, ko tana jin kanta mace shi ma daban. Ta ba ki amsar na ukun, ki yarda da ita. Hajiya, batun Turawa kuwa, malaman fiƙihu sun yi magana a kan sihaƙi, wato maɗigo, ɗaruruwan shekaru kafin mulkin mallaka, akasarinsu suka ce ta'aziri ne, wato horon da alƙali ya ga ya dace, ba haddi ba. Ba a yin hukunci a kan abin da babu shi.

Hajiya Babba: Malama, tarihi ba ya halatta haram. Kin zuba mana sunayen Nasara, yarinya tana hanyar halaka. In ba ruƙya, to a kai ta asibiti.

Malama Uwani: Ban ce ya halatta ba, Hajiya. Asibiti dai ba za su karɓe ta a matsayin mara lafiya ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire son jinsi ɗaya daga jerin cututtuka tun 17 ga Mayu 1990.

Anti Ladi: Wato ɗan wani za ku ɗaura wa? Haka aka yi wa ƙanena. Dangin yarinya sun san ba ta so, ko me ne dalilinta oho, suka rufe mu. Mu muka yi lefe, akwati shida, muka yi kayan ɗaki da ya kamata su yi. Ta zauna ba magana ba dariya har ta haihu biyu, aka rabu. Yau yaran suna hannuna, kuma uwarta ko gaisuwa ba ta amsa mini a gidan suna.

Ummu Sadiƙ: Ni abin da ya tayar mini daban ne. A makarantar kwana an yi mini sharrin maɗigo don kawai muryata na da kauri kuma ina kwana kusa da ƙawata mai ciwon asma. Aka tsayar da mu gaban asambile, aka kira Babanmu. Har yau akwai 'yan ajinmu da ke kauce mini. Ni da ban yi ba ke nan. Ki yi tunanin mai askakken kai a tsakiyar 'yan kamu.

Wata Yaya: Za ta ɗaura ɗankwali ai, ta yi mini alkawari, kuma an riga an ɗinka mata anko. In na ce ba za ta je ba, Gwaggo sai ta tono dalili. Ban ce na goyi bayanta ba, na yi kuka har idona ya kumbura. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Maman Hanif: Mijinki ya sani? Kuma akwai wadda suke tare ne, ko a zuci kawai abin yake? Ita ta ce tana son zuwa, ko ke ce kike so?

Hajiya Babba: Ɓoye wa Baffanku cin amana ne, shi ne waliyyinta. In ba ki faɗa ba wani zai faɗa, ranar kuma ke za a fara tuhuma. Ki turo mini saƙo ta gefe in ba ki lambar malamin da nake magana.

Wata Yaya: Baffa na da hawan jini, ba zan iya ba yanzu. Tikitin ma ba a mayar da kuɗinsa. Zan duba saƙo in na tashi daga aiki.

Maman Hanif: Ba ki amsa mini batun mijinki ba.