A sauke Peugeot 504 ƙasa a cire mata salansa: gyara ne ko ɓarna?

Ɗan Adar: Salamu alaikum jama'ar Tawa. Peugeot 504 ta mahaifinmu, berlin mai shan esansi, ta dawo hannuna, injinta lafiya lau. Niyyata in yanke zobe biyu a kowane rasor (murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya) ta zauna ƙasa, in cire salansa (tukunyar da ke rage ƙarar hayaƙi) in sa miƙaƙƙen bututu mai faɗi. Hujjata: mota in ta yi ƙasa ta fi riƙe kwana, hayaƙi kuma in ya fita babu shamaki inji ya ƙara ƙarfi. Yayana ya ce ɓarna ce. Ku raba mu.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, yayanka ya faɗa maka gaskiya. Abin da za ka yanke shi ne ya yi wa motar suna. Tun da ta fito a 1968 ba da gudu ta kere sauran ba, da ƙafa ne. Tayarta tana da wurin hawa da sauka mai yawa, ta faɗa rami ta fito kai kana zaune daram. Da ita Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya a 1975, cikin taɓo da duwatsu. Faransa ta bar ƙera berlin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000, don hanyoyinmu ba su daina buƙatarta ba. Ka gaji raƙumi, sai ka ce ƙafarsa ta yi tsawo?

Ɗan Adar: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni ba Agadas za ni ba. Cikin gari ne, sai ɗan zuwa Ƙonni a kan kwalta.

Tsohon Direba: Ranar da aka yi rasuwa a Keita ko Buza fa? Ba za ka ce wa dangi motarka ta kwalta ce ba. Ko cikin garin, daga kwalta zuwa ƙofar gidanku ba rairayi ba ne?

Makanike: Ƙanena, maganarka ta farko ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Nauyin mota in ya matso ƙasa, tangaɗinta a kwana yana raguwa. Amma masu yin haka da gaske suna sayen gajeren rasor da aka ƙera don aikin, da amortisa (mai hana mota lilo bayan rami) daidai tsawonsa. Yanka wani abu ne daban. Rasor in ka rage masa zobe yana ƙara tauri, ga shi ya gajarce. Amortisa ɗinka na asali zai riƙa aiki a can ƙasan tafiyarsa, rami kaɗan ya kai ƙarshe, ka ji dum a ƙashin baya. In tayar ta yi lilo a sama kuma, rasor ɗin yana iya barin mazauninsa. Masu gasa shi da wutar walda don ya zauna sun fi kowa ɓarna, sun kashe ƙarfen, wata rana sai ya karye. Tambaya: bayan motarka, sanda guda ce ta haɗa tayoyin biyu ko kowace taya da hannunta? Berlin iri biyu ce.

Ɗan Adar: Kowace da hannunta, maigida.

Makanike: To ka ga. Irin wannan in ta sauka, tayoyin baya suna kwantowa, samansu ya shige ciki, sai gefen ciki na taya ya cinye, waje yana sabo. Sannan ka durƙusa ka duba kwanon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Dutse ɗaya na hanyar Keita ya ishe shi, kafin ka lura da jar fitila mai ya tsiyaye.

Mai Walda: Ni ina ganin duk kun tsaya rabin hanya. A Adar ɗaga mota ake yi, ba saukewa ba. A sa mata ƙarfe a saman rasor ta ƙara santimita biyar ko shida, a sa taya mai tsawo, korama ba ta tsare ta da damina. Su kansu Faransawan sun yi: kamfanin Dangel ya ɗaga 504 famiyal (doguwar ta iyali) da bashe (ta ɗaukar kaya) ya mai da su katkat, masu ja da taya huɗu, tun farkon shekarun 1980.

Makanike: Dangel ba ƙarfe ya cusa a saman rasor ba, abokina. Sun sake ƙafar motar ne, suka ƙara akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya. Kai in ka ɗaga wannan berlin da santimita shida, kardan na baya, sandar da ke kai ƙarfi ga taya, zai yi aiki a karkace, robarsa ta yage, ƙura ta shiga, sai ƙara. Bashe mai lam (rasor na fallayen ƙarfe) a baya ita ce ke jure wannan wasa, a ƙara mata lam ɗaya don kaya. Abin da na fi gani a gareji shi ne motar ta riga ta zauna da kanta saboda shekaru. A sa mata rasor mai lafiya ta koma tsayinta na asali, mai ita ya yi ta mamaki.

Ɗan Adar: Na ji ta ƙafa. Amma salansa ban yarda ba. Na shiga motar wani abokina bayan an cire mata, wallahi ta fi tashi.

Makanike: Kunnenka ne ya ji ta fi tashi. Ku sami miƙaƙƙen wuri, ku auna da agogon waya, da salansa da babu, mutum ɗaya a sitiyari. Hayaƙi ba fita kawai ake so ya yi ba, ana so ya fita da sauri, don gudunsa yana taimakawa wajen jawo na bayansa daga silinda. Bututu in ya yi faɗi da yawa hayaƙin sai ya yi sanyin gudu, motar ta rasa ƙarfin tashi a ƙananan giya, wanda shi ne kake buƙata cikin rairayi. Injin nan bai cika lita biyu ba. Kafireta kuma an daidaita ta da salansarta, in ka cire ba ka taɓa ta ba, haɗin iska da mai yana iya sauyawa, ka ji tana tas-tas in ka ɗaga ƙafa. Inda zan ba ka gaskiya wuri ɗaya ne: tsohuwar salansa da cikinta ya ruɓe ya toshe tana shaƙe inji sosai. Wataƙila ta abokinka ke nan. Maganinta sabuwa, ba cirewa ba.

Malamar Asibiti: Ku gafarce ni in sa baki, ni wannan ne ya dame ni. Na sha ganin motocin da aka yanke wa bututu ya tsaya a ƙarƙashin kujera. Cikin hayaƙin esansi akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Tsohuwar mota ba ta rasa huda a ƙasa ko robar but da ta bushe. Lokacin hunturu an rufe gilasai saboda ƙura, sai yara a baya su fara ciwon kai da amai da barci, a ce wahalar hanya ce. Ƙanena, duk abin da za ka yi, bututun ya kai har ƙarshen mota, kuma kada ya yi yoyo ko'ina.

Tsohon Direba: Allah ya yi miki albarka, ƴata. Ga kuma haƙƙin maƙwabta. Mai jinya da jariri da mai sallar asuba duk suna unguwar.

Ɗan Adar: Malama, wannan ban taɓa tunaninsa ba, kuma ƴaƴan yayata nake kaiwa makaranta. Rasor na bar shi. Amma ina son ta yi murya mai kauri, ba ihu ba. Akwai hanya?

Makanike: Akwai. A bar tukunyar salansa ta tsakiya yadda take, a sauya ta ƙarshe da mai miƙaƙƙen ciki, faɗin bututu kusan na asali, a rataye da roba sabuwa. Za ta yi kauri ba ta tashi unguwa ba. Kada dai ka sa ran ƙarin doki. Kawo ta ran Asabar da safe, tanki rabi, but babu kaya, mu auna tsayin kusurwa huɗun a kan siminti.

Mai Walda: Ku auna. Ni dai ina nan kan bakana, santimita uku a baya ba zai kashe kardan ba, kuma watan Agusta yana zuwa.

Makanike: Uku ba shida ba ne. Ka zo Asabar ɗin, mu duba kardan ɗin tare kafin a ƙara ko ɗaya.