Reform UK da kujeru 5 a majalisar Birtaniya

Ɗan Birni: Malamai, ina tambaya daga nan Damagaram. Ta yaya jam'iyyar Reform UK ta Nigel Farage ta samu kusan kashi 14 na ƙuri'un zaɓen 2024, amma kujeru 5 kawai ta ci cikin 650?

Malam na Zango: Ƙanena, a can kowace mazaɓa wanda ya fi ƙuri'a shi ke ɗaukar kujera, sauran ƙuri'u sun tafi a banza. Shi ya sa jam'iyyar Labour ta haura kujeru 400 da kusan kashi 34.

Hajiya: Gaskiya ne, Malam, amma 'yan jam'iyyar Conservative, masu mulki kafin zaɓen, su suka share wa Farage hanya, domin sun yi ta sauya firaminista, har Liz Truss ba ta cika wata 2 a muƙamin ba, tsadar rayuwa da batun baƙin haure kuma suna nan.