Hoton endoskop na fita da zanen saƙar zuma, ya ake cire shi?

Mai_Gyaran_Na'ura:
Slm 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawara. Ina aiki a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, muna da endoskop (na'urar leƙa cikin jiki) mai lanƙwasa irin na zaren gilashi, mun ɗaura masa kyamara a wajen da ake leƙawa da ido don mu riƙa ajiye hoto muna koyar da ɗalibai, to amma duk hoton da ya fito sai ka gan shi kamar an shimfiɗa masa saƙar zuma, ga wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe da ba sa motsi, wani lokacin ma har layuka masu launi suna yawo a allon. Na goge gilashin, na canza waya, duk a banza. Lalacewa ya yi ne ko akwai manhajar da za ta share?

Injiniya_Kd:
Wslm malam. Saƙar zuman nan ba lalacewa bace, haka aka ƙera shi. Cikin bututun akwai dubban zaren gilashi, wani 10,000 wani har 30,000, kowane zare ɗigon haske guda yake kawowa, kuma kowanne akwai rigar da ta kewaye shi wadda hoto baya bi ta cikinta, ita ce kake gani baƙa-baƙa. Tun 1954 da masana kimiyya Hopkins da Kapany suka nuna ana iya tura hoto ta damin zare a Landan ake fama da ita. Ɗigon da basa motsi kuwa zare ne suka karye, sun tafi kenan, in sun yi yawa sai a canza damin. Layuka masu launin kuma karo ne tsakanin jerin zaren da jerin fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) na kyamararka. Ɗan juya kan kyamarar ko ka canza zum, sannan ka sassauta fokas ɗin kaɗan, kaɗan fa, za ka ga sun ragu.

Yar_Fizis:
Sassauta fokas yana aiki amma hoton duka yake dusashewa, haka ma filtar Gaussian ta kwamfuta mai rage kaifin hoto, kuma ku da kuke duban ƙananan jijiyoyin jini asara ce. Ni abinda nafi so, kafin ka fara aiki ka haska farar takarda ka ɗauki hotonta ba tare da ka taɓa kyamarar ba. Daga nan kwamfuta za ta gano tsakiyar kowane zare da ƙarfin hasken da yake wucewa dashi, saboda ba ɗaya suke ba, sai ta daidaita su, ta cike giɓin dake tsakani da lissafi daga zare uku mafi kusa. Har gurbin wanda ya karye ana cikewa haka. Manhajar PyFibreBundle ta yaren kwamfuta na Python tana yi, kyauta ce. Sai dai kyamarar na gocewa ko da kaɗan ne sai ka sake ɗaukar farar takardar.

In baka iya Python ba sauke manhajar sarrafa hoto ta ImageJ, kayi FFT (lissafin da ke fito da zanen da ke maimaituwa a hoto), saƙar zata fito a matsayin ɗigo shida masu haske ko zobe kewaye da tsakiya, ka rufe su ka dawo da hoton.

Likitan_Hanci:
Ranka ya daɗe ƙari ɗaya, kada ka goge hoton asali, ka ajiye shi gefe da wanda aka gyara. Abinda ya faɗa tsakanin zare biyu na'urar bata taɓa ganinsa ba, cikon ƙiyasi ne, shi yasa nake tsoron manhajojin AI masu ƙara kaifin hoto, suna iya zana abinda babu a maƙogwaron mara lafiya. Don koyarwa ba laifi. Kuma ku daina naɗe bututun da ƙarfi ko ku bari murfin akwati ya datse shi, nan ne zaren ke karyewa.

Mai_Gyaran_Na'ura:
Allah ya saka da alheri. Na juya kyamarar yanzu layukan sun ɓace wlh. Hajiya farar takardar, da hasken endoskop ɗin zan haska ko da fitilar ɗaki?

Yar_Fizis:
Wanda duk ya baka haske bai ɗaya yayi, ka dai rage shi kar hoton ya ƙone, in ya ƙone tsakiyar zaren bazata rarrabu ba.