Bayan an sace waya: me kuka tarar a rumbun gajimare?

Dillalin albasa, Mile 12:
Assalamu alaikum. Makonni uku da suka wuce aka zare mini waya a cikin motar haya ta danfo tsakanin Oshodi da Ketu a nan Legas. Abin da ya hana ni barci shi ne hotunan takardun lodi da sunayen waɗanda nake bi bashi, domin duk motar da ta sauke kaya daga Aliero sai na ɗauki hoton takardarta. Da na sayi wata wayar na shigar da adireshina na Gmail, lambobin mutane da hotuna suka dawo, amma hirarrakin WhatsApp sun tsaya a watan azumi, kuma a cikinsu ne alkawuran biyan kuɗi suke. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga wannan hali su faɗa mana yadda ta kaya.

Mai gyaran waya, Ikeja:
Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Abin da ake kira gajimare manyan kwamfutoci ne na kamfanoni, a jere cikin gine-gine masu sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma akwai irinsu a nan Ikeja da Lekki. Wayarka tana aika musu kwafin kayanka ta intanet, shi ya sa ɓarawo ya tafi da waya amma hotuna suka tsira. Ina kyautata zaton rumbunka ne ya cika. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da hotuna suke rabawa, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga cikin wannan lissafi. Kusan kowane mako nakan ga mutumin da bidiyon biki ya cinye masa wuri, ajiya ta tsaya watanni bai sani ba.

Mai sayar da atamfa, Agege:
Alhaji, kai ka gode wa Allah da ka san kalmar sirrinka. Ni wani yaro ne ya buɗe mini asusu a shagon da na sayi waya, ya sa lambarsa a matsayin lambar dawo da asusu, ban kuwa tambaye shi komai ba. Ranar da wayar ta faɗa ruwa na koma shagon, aka ce ya daɗe da barin aiki. Hotunan kaya na shekara biyu da lambobin kwastomomina na Kano da Kwatano suna can a ajiye har yau, amma ba ni da mabuɗin shiga. Yanzu ƙanwata ta buɗe mini sabo da lambata, muka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta wayata kafin a shiga, na rubuta kalmar sirrin a takarda na adana tare da takardun gida.

Akanta a kamfanin sufuri, Apapa:
Sannu da haƙuri, Hajiya, kuma duk wanda aka sace wa waya ya gaggauta sa a rufe layin, domin ta nan saƙon lambar shiga yake zuwa. Tawa matsalar daban ce. Mun mayar da lissafin tireloli da alawus ɗin direbobi gajimare don ofishinmu na Kano ya riƙa gani nan take, kuma hakan ya rage mana gardama sosai. Amma ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, mun wuni da direbobi tsaye a bakin ofis, takardar biyansu ta ƙi buɗewa. Tun daga lokacin, kowace Juma'a kafin masallaci nake sauke kwafi a kwamfutar ofis.

Dillalin albasa, Mile 12:
Na gode muku duka. Malam mai gyara, na duba kamar yadda ka ce, rumbun kuwa a cike yake da bidiyon da ake turowa a zaurukan WhatsApp. Gobe in Allah ya kai mu zan biyo ta Ikeja da wayar, ka nuna mini waɗanda zan goge ba tare da na taɓa takardun lodi ba.