Ma'aikatana sun ƙi sanya kayan kariya: shin hukunci ne mafita?

Mai Masana'anta:
Assalamu alaikum. Ina da wurin sarrafa katako inda ake aiki da injin zarto da injin goge katako. Na tanadar wa ma'aikata takunkumi da safar hannu da tabarau da abin toshe kunne, amma da zarar na bar wurin sai su cire su, suna cewa suna takura musu. Ina tunanin fara cirar wani abu daga albashin duk wanda na kama, sai dai ina so in ji shawarar masana kafin in yanke hukunci.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a kai ga hukunci, ya kamata a duba ko an fara gyaran daga inda ya dace. A ƙa'idar kare lafiyar ma'aikata, kayan da ake sanyawa a jiki su ne mataki na ƙarshe, domin amfaninsu ya dogara ga mutum ya tuna da su a kowane lokaci, ko da ya gaji ko yana sauri. Abin da ake fara nema shi ne kawar da haɗarin tun daga tushensa: a haɗa wa kowane inji bututun zuƙe ƙura, a tabbatar murfin da ke rufe haƙoran zarto yana wurinsa, a samar da sandar tura katako domin hannu ya yi nesa da kaifi, sannan a kashe lantarki a kulle makunnin da kwaɗo kafin wani ya sauya zarto ko ya share inji.

Batun safar hannu kuwa, ma'aikatanka suna da gaskiya idan a bakin inji suke cire ta. Duk abin da yake juyawa zai iya cafke safar ya ja hannun gaba ɗaya, saboda haka wurinta shi ne ɗaukar katako da lodi.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ina so in ja hankalinka ga illolin da ba a gani nan take, domin su ne aka fi yi wa sakaci. Ƙurar katako tana haddasa asma, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, ta hannun cibiyarta ta binciken sankara, ta sanya ta cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanci. Takunkumin yadi ba ya tare ƙura mai laushi. Ana buƙatar takunkumi mai tace ƙura irin N95 ko FFP2, kuma dole ya zauna daram a fuska. Game da ƙara, iyakar da aka fi bi ita ce desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a tsawon awa 8, kuma idan sai mutum ya ɗaga murya kafin wanda yake kusa da shi ya ji, akwai alamar an kai wannan iyaka. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, shi ya sa nake roƙonka ka sa a riƙa gwada jinsu lokaci zuwa lokaci.

Tsohon Shugaban Ma'aikata:
Ranka ya daɗe, na yarda da abin da suka faɗa, amma ba na ganin hukunci ba shi da gurbi ko kaɗan. Gurbinsa yana zuwa ne bayan an horar da mutum, an ba shi kayan da suka yi daidai da jikinsa, an kuma gargaɗe shi a rubuce. Cirar albashi kuwa ka bincika dokar ƙwadago ta ƙasarka tukuna, domin dokoki da yawa sun taƙaita ta. Tambayata ita ce yadda kake biyansu: idan gwargwadon yawan abin da mutum ya yanka ne, to tsarin biyan da kansa yana tura su cire murfin inji domin su yi sauri. Haka kuma, ma'aikacin da yake tsoron tara ba zai gaya maka ranar da zarto ya kusa cin yatsansa ba, alhali wannan labarin ne zai nuna maka injin da yake buƙatar gyara.