Me za mu kira wannan abin da Hausa? Ni dai na ce "kai mai ƙwai"

Salamu alaikum 'yan uwa makaɗa da masu gyaran kayan sauti, musamman na nan Legas. Akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, wato sunan da za mu ba na'urar ƙara sautin jita da Hausa, yau na ce bari in baje ta ko ma samu matsaya. Wasunku sun riga sun turo ra'ayinsu a kai, zan amsa musu a ƙasa.

Mu shida ne a ƙungiyarmu, muna Agege, aikinmu waƙar aro, wato ba tamu muke bugawa ba sai ta wasu, a biki da suna da dina, dare ɗaya sai ka ga mun taɓa hailaif mun taɓa juju mun taɓa rege, in ango ɗan Arewa ne mu juya kiɗan gida, wani sa'in har irin jitar Agadez ake roƙo. Ni ne mai jita. Yanzu kuɗi sun ɗan taru muna so mu sayi abin nan da Turawa ke ce wa tube amp head, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sautin jita ta miƙa wa sifika, ƙarami wanda mutum ɗaya zai riƙe ya shiga danfo da shi, toh amma duk sanda muka zauna shawara sai magana ta watse don kowa da sunan da yake kiran abin. Mai gangarmu ya ce inji, mai fiyano ya ce amfilifaya, yaron da ke ɗaukar mana kaya ya ce rediyo. Kuma wallahi rashin sunan nan ya taɓa ja mana asara.

Bara ne, wani biki a Ikorodu, mun ari irinsa wurin wani abokina. Ina gefe ina sauya tsirkiyar da ta tsinke sai na ce wa yaron, kunna injin ya yi ɗumi. Ya jona wuta ya kunna, bai jona wayar da ke zuwa sifika ba, don a saninsa inji ai kunnawa kawai ake yi. Na zo na rataya jita ina ta kaɗawa shiru, na murɗa sauti har ƙarshe na ƙara kaɗawa, can sai wani ƙauri kamar ana ƙona roba ya bugi hancina, na leƙa baya na ga hayaƙi siriri yana fita ta ramukan iska. Taransifomar da ke miƙa sauti ga sifika ce ta ƙone. Irin wannan na'urar in ba sifika a jikinta ƙarfin da ta tara ba shi da wurin zuwa, sai ya koma ya cinye wayoyin cikin taransifoma. Kuɗin bikin gaba ɗaya a gyara suka tafi, yaron kuma kwana biyu bai iya haɗa ido da ni ba alhali ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa gaya masa.

Shi ya sa nake son sunan da zai riƙa koya wa mutum yadda ake riƙe abin tun daga jinsa.

Rabin farko na sunan, wato head, bai da wuya. Kai. Ba ma sai mun ce aro muka yi ba, tela na cewa kan keke, direba na cewa kan tirela, kowa ya san kai ne mai aikin amma sai an haɗa shi da jiki. Akwatin sifikar da ake ɗora shi a kai kuwa ni ƙirji nake so mu kira shi, tunda daga nan murya ke fita. Da na ce wa yaron nan jona kai da ƙirji kafin ka kunna, da ba a yi hayaƙi ba. Wanda kuma aka haɗa su a akwati ɗaya sai mu ce dunƙule, shikenan.

Rabi na biyu, wato tube, shi ne rigimar. Amurkawa na cewa tub, mutanen Ingila na cewa bawul, duk abu ɗaya ne. Tub a bakinmu na taya ne, ka faɗa a Agege sai a nuna maka mai faci. Bawul kuma makanikai sun riga sun riƙe. Na ga wani ya fassara da bututu, gaskiya wannan bai shiga kaina ba ko kaɗan, bututu abu ne mai baki biyu da ruwa ko iska ke bi, wannan kuwa a toshe yake ruf, an ma zuƙe iskar cikinsa.

Ku buɗe bayan na'urar ku duba da idonku. Gilashi ne tsaye kamar yatsa, wasu sun fi kauri, in an kunna sai ka ga wani ɗan ja a ciki kamar garwashi. Wata siririyar waya ce ake zafafawa da wuta bolt 6.3, in ta yi zafi sai wuta ta riƙa tsallaka sararin nan mara iska zuwa wani faifan ƙarfe mai ɗauke da bolt sama da 300, a tsakaninsu akwai ɗan raga da ƙaramin saƙon jita ke shiga, shi ke buɗewa yana rufewa, ƙaramin motsi ya juya babban ƙarfi. Toh abu na gilashi, mai haske, mai zafi, mai fashewa, mai mutuwa a sauya wani, da Hausa ai ƙwai ne. Ƙwan fitila, ƙwan lantarki. Tarihinsa ma haka ya nuna, John Ambrose Fleming da ya fito da na farko a Ingila a 1904 daga ƙwan lantarki ya samo shi, Lee de Forest na Amurka ya ƙara ragar nan a 1906 har ya iya ƙara sauti, rediyo da talabijin duk da shi suka yi aiki kafin taransisto da aka ƙirƙiro a 1947 ya zo ya ture shi a hankali. Masu jita ne suka ƙi saki.

Saboda haka ni shawarata: kai mai ƙwai.

Baba mai gyaran rediyo na Idi-Araba, na ga saƙonka, Allah ya ƙara girma. Ka ce ku a shagonku kwalba kuke cewa tun kuna yara wurin maigidanku, kuma ba na jayayya da wanda ya riga ni riƙe ƙarfen soda. Abin da ya sa ban ɗauka ba Baba, kwalba ba ta haske ba ta zafi, kuma yaro ba ya tsoron kwalba, jefa ta yake a buhu. Amma ka ce masa akwai ƙwai a ciki ka ga yadda zai rungume jakar a cinya in danfo ya faɗa rami. Gargaɗin da ka ƙara kuwa dole in maimaita shi don kowa ya gani, kar wanda ba gwani ba ya sa hannu a ciki ko da an zare daga soket, akwai sassan da ke riƙe wuta bayan an kashe, kuma tana iya kisa.

Yayana na Mile 12 kuma ya kawo ƙorafin da ya fi ƙarfi. Ya ce kowace amfilifaya tana da ɗan ƙwan da ke nuna an kunna, to in ka je kasuwar Alaba ka ce mai ƙwai kake so ai sai a miƙo maka mai taransisto a nuna maka jan ɗigon gaba. Gaskiyarka Yaya. Har ma akwai na tsakiya, kamar Micro Terror na kamfanin Orange, ƙwai ɗaya ne tak a ciki wajen shigar sauti, ƙarfin fitarwa duk taransisto ne. Toh ga yadda nake ganin za a raba, wanda gaba da baya duk ƙwai ne mu ce mai ƙwai zalla, irin na tsakiyan mu ce ruwa biyu, sauran mai taransisto. In za ka saya kuma ka leƙa ta raga ka ƙirga, ƙananan ƙwai masu lamba irin 12AX7 su ne na shiga, manya irin EL84 ko EL34 ko 6L6 su ne na fita, in babu manyan nan da taransifoma biyu masu nauyi to ba zalla ba ne.

Tunda an tambaya wanne muke shirin ɗauka, bari in faɗa da sababbin sunayen mu ji ko suna zama a baki. Mai gangarmu ya dage sai wat 100 wai ƙarami ba zai ji kansa ba. Na ce masa ɗan uwa kunne ba haka yake lissafi ba, kafin ka ji sauti ya ninka sau biyu sai ka ninka wat wajen sau goma, ninki biyu ɗan ƙari ne kawai. Babban kai wajen kilo 20 yake, ga ƙirjinsa mai sifika huɗu, wa zai haura da su bene a Oshodi, kuma daɗin ƙwai ba ya fitowa sai an matsa masa, ka matsa wa wat 100 a ɗakin taro ai iyayen amarya tashi za su yi. Wat 15 zuwa 20 ya ishe mu, in fili ne a sa makirufo a bakin ƙirji ya bi ta manyan sifikun taro.

Sai dai mai waƙar aro buƙatarsa daban ce. Tiny Terror da Orange suka fitar a 2006, wanda ya buɗe kasuwar ƙananan kawunan nan, wat 15 ne da EL84 guda biyu, ana iya rage shi zuwa 7, bai kai kilo 6 ba, na taɓa buga shi kuma gurnaninsa na da daɗi ƙwarai, amma hanya ɗaya gare shi, wato saitin sauti ɗaya ne a lokaci guda. Ni kuwa a waƙa ɗaya ina buƙatar sauti garau irin na hailaif da kowace tsirkiya ke fita ɗaya bayan ɗaya, minti biyu bayan nan ina buƙatar gurnani, ba zan tsaya ina murɗe-murɗe a gaban jama'a ba. Dole mai hanya biyu da ake sauyawa da ƙafa. Shi ya sa hankalina ya fi karkata ga irin DSL20HR na Marshall, wat 20, EL34 biyu, hanya biyu. Abin da zan gwada kafin in biya shi ne ko garau ɗinsa zai tsaya garau in mai ganga ya saki hannu, don ƙaramin kai da wuri yake fara gurnani ko ba ka nema ba. Ga garau da gurnani nan ma na jefo, in akwai mai abin da ya fi su ya kawo.

Abu biyu na Legas kuma dan Allah kar a manta. In tokumbo ne daga Amurka a karanta bayansa, nasu bolt 120 ne namu 230, ka jona kai tsaye ya tafi nan take, sai da taransifomar rage wuta. Kuma janareton wurin biki da ke hawa yana sauka ba ya yi wa ƙwai daɗi, sitabilaiza dole ne. A duba lambar om (ohm) da ke rubuce a jikin kai ta dace da ta ƙirji, 8 da 8, 16 da 16. In an tashi a bar shi ya huce kafin a ɗaga, ƙwai mai zafi bai son girgiza.

Zuwa yanzu na ƙirga mutum tara sun yarda da kai mai ƙwai, uku suna tare da Baba a kan kwalba, ɗaya ya ce a bar shi amf kawai. Baba da kansa ya sake rubutowa ya ce shi dai bakinsa ya saba da kwalba amma zai gwada ƙwai da yaran shago ya ga. Mu a ƙungiyarmu mun fara tun jiya wajen atisaye, na ji yaron yana tambayar mai fiyano ina wayar ƙirji, ba wanda ya tsaya yi masa bayani.

Saura maɓallin nan na biyu da ake barin ƙwai ya yi ɗumi kafin a saki sauti, na rasa sunansa, jira nake cewa amma bai gamsar da ni ba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu shiga Alaba da jitata a hannu, duk wanda ke kusa da Ojo kuma yana da kunne ya zo ya taya mu saurare.